Hoton da Aka Ce Auta Ya Ɓata

4 ga Janairu

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Mu ma nan alhamdu lillahi, sai abin da ba a rasa ba.

Na san za ka juya ambulan ka ce wace ce kuma wannan. Ni ce 'yar ƙaninka, wanda kuke kira Auta, ni ce ta farinsa. Ba mu taɓa haɗuwa ba. Ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, ina da aure da ɗa ɗaya. Adireshin nan a bayan wani hoto na samo shi, inda aka buga hatimin shagonka da shuɗin tawada. Na tambayi wani direban babbar mota da ke bi ta garinku, ya ce shagon yana nan, mai shagon ma yana nan, sai dai wai kunnenka ba ya ɗaukar waya. Shi ya sa na ɗauki biro.

Baba ba shi da lafiyar ido. Likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa a hankali, kuma aiki ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Na hagun ya rufe tun bara. Na daman yana gani kamar mai leƙe ta bututu, bututun kuma ƙara tsukewa yake. Da na matsa wa likitan, ya ce wataƙila wata shida, wataƙila ƙasa da haka.

Dalilin ke nan da nake fito masa da tsofaffin kaya ya kalla tun da sauran gani. A ƙasan akwatinsa na tarar da hoton wani gida mai ƙofa biyu, da bishiya a gefe, da fitila a ajiye bakin ƙofa. Saman gidan duk zane-zane ne farare, kamar an karce takardar da allura. Ya daɗe yana matso da shi kusa da ido, sannan ya ce, "Gidan Inna ne. Ni na ɓata shi." Daga nan ya juya fuska bango, ranar ko abincin rana bai taɓa ba.

Baffa, a gidanmu ba a kiran sunanka, amma kuma ba a zaginka. Na girma ban san me ya raba ku ba. Don Allah ka gaya mini labarin hoton nan.

'Yarka

21 ga Janairu

Malama 'yata,

Wa alaikis salam. Takardarki ta iso. Tun kafin in karanta na san jinin wane ne, don rubutunki ya kwanta gefe ɗaya irin na ubanki, kamar iska ta bi ta kansa. Lafiyata lau, in aka cire gwiwa da kunne. Shago yana nan, amma yanzu kowa mai hoto ne da wayarsa, sai masu neman fasfo ke leƙo ni. Nakan zaunar da su a kujerata mai juyi, in ce su daina ƙifta ido, shi ke nan sana'ar. Labarin idon Auta ya taɓa ni. Allah ya ba shi sauƙi.

Kin tambayi gidan. A nan aka haife mu duka. Ƙofar gaba ta baƙi ce, ta gefe kuwa ta masu kawo wa Inna ɗinki, don haka muka tashi da ƙarar kekenta a kunne. Bishiyar mangwaro ce, ba ta taɓa yin 'ya'yan kirki ba, amma Inna ba ta yarda a faɗi haka a gabanta. Akwai famfo a tsakar gida da ya yi shekara ashirin yana ɗiga. In rana ta faɗi, takan ɗauko kujera ta zauna bakin ƙofa ta ɗaga kai. Ba ta san sunan tauraro ko ɗaya ba, sai ta raɗa musu sunayen maƙwabta. Mai ƙyallin nan matar mai gawayi ce, don ba ta zama wuri ɗaya. Uku da ke jere 'ya'yan birkila ne, kullum tare. Mu yi ta dariya.

Sai aka zo aka shafa jan fenti a bangonmu, wai hanya za ta bi. Ana gobe za a rushe, mun gama kwashe kaya, Inna ta ce abu ɗaya take so. Ta ce, "Ku masu hoto ne. Ku ɗauko mini gidana da samansa." Lokacin ni da Auta muke shagon tare, shi yana ɗan shekara ashirin da biyu. Muka duba, ɗauka ɗaya ta rage a fim, kantuna kuma sun rufe.

Ba mu taɓa ɗaukar taurari ba. Na dai san haskensu kaɗan ne, sai an bar idon kyamara a buɗe ya daɗe. Muka kafa ta a kan ƙafafunta uku bayan duhu ya shigo. Akwai 'yar igiya da ake dannawa a riƙe, in aka saki idon ya rufe. Na ba Auta igiyar don ya fi ni haƙuri, ni na riƙe agogo. Minti ashirin.

Kwana uku bayan nan na wanke fim ɗin, gida ya riga ya zama tarin ƙasa. A ƙarƙashin jar fitila na ga taurarin Inna sun zama karce-karce. Ran maza ya ɓaci. Na fito na wurga wa Auta hoton a gaban Inna da baƙinta, na ce, "Abu ɗaya ta roƙe mu, ka ɓata. Hannunka rawa yake, ba na sana'a ba ne." Inna ta ce, "Ai gidan dai ya fito." Babu wanda ya saurare ta. Bayan mako biyu ya bar garin. Sau ɗaya muka sake haɗuwa, ranar rasuwarta, muka gaisa kamar maƙwabtan kasuwa. Shekara talatin da huɗu ke nan da hoton.

Kin ji. Ki mayar da shi inda kika same shi.

Baffanki

6 ga Fabrairu

Baffa,

Gaisuwa mai yawa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Baba yana nan, yana cin abinci, amma ya fara laluben bango in zai shiga banɗaki.

Na karanta takardarka a ɗakin malamai, sai da na fita waje don kada a ga hawayena. Yanzu na gane abubuwa da yawa. Baba shekara talatin ya yi yana ma'ajin kaya a kamfanin sabulu, ban taɓa ganin ya riƙe kyamara ba, ko ta waya. Ba ya kai wa baƙo shayi, sai ya ce, "Ku karɓa, hannuna rawa yake." Mama ta ce ranar da aka haife ni bai yarda ya ɗauke ni a tsaye ba, sai da ya zauna a ƙasa. Mun kai shi an duba hannun, likita ya ce babu abin da ya same shi. Mun ɗauka tsabar tsoro ne irin nasa.

Ban mayar da hoton akwati ba, ka gafarce ni. Na kai shi makaranta na sa masa gilashin ƙara girma. Baffa, Inna ta fi ku gaskiya. Gidan ya fito. Ana ganin tsagar bango, ana ganin sakatar ƙofa, ana ganin jan fentin nan. Da kyamarar ta motsa, da gidan ma ya yi dishi-dishi, don ba yadda za a yi hannu ya girgiza sama ya bar ƙasa.

Ga abin da ya faru, kamar yadda nake gaya wa ɗalibaina. Duniyar nan da muke kai juyawa take, daga yamma zuwa gabas, zagaye ɗaya a wuni da kwana. Ba ma ji, don mu da gidajenmu tare muke tafiya. Shi ya sa muke ganin rana ta fito gabas ta faɗi yamma, taurari ma su bi sahunta, alhali mu ne ke wuce su. Ka zauna a kujerarka mai juyi ka juya a hankali, za ka ga ƙofa da labule suna wuce ka, su kuwa suna nan inda suke. Gidan Inna da kyamararku a kujera ɗaya suke, shi ya sa gidan bai motsa a hoton ba. Taurari kuwa ba sa kan kujerar, sai kowanne ya ja layi.

Ka duba, in kana da wani kwafi. Zane-zanen ba barkatai suke ba. Duk sun lanƙwasa ne a kewayen wuri ɗaya can saman mangwaron, na kusa gajeru, na nesa dogaye. Na auna su. Kowanne kashi ɗaya ne cikin saba'in da biyu na da'irarsa, kuma minti ashirin kashi ɗaya ne cikin saba'in da biyu na awa ashirin da huɗu. Agogonka ma bai yi kuskure ba.

Na zauna na yi wa Baba wannan bayani har da lemo da ashana a hannu. Ya saurare ni tsaf, sannan ya yi dariya ya ce, "Ke kin san littafi, Yaya ya san hoto." Daga bakina ba zai karɓa ba. Kai ka faɗa, kai kaɗai za ka iya cirewa. Layi biyu ma sun isa, tun yana iya ganin rubutunka da idonsa.

'Yarka

24 ga Fabrairu

Malama,

Na gode da gaisuwa. Muna lafiya. Na ga bayaninki, na karanta har ƙarshe.

Wannan ba maganar da zan rubuta layi biyu in aiko ba ce. Kada ki sake tayar masa da ita. Ki bar ni da abina tukuna.

Baffanki

2 ga Afrilu

Baffa,

Ina gaisuwa, don an koya mini gaida manya. Muna nan da rai.

Na jira mako biyar ko za ka sake tunani, shiru. Na gane. Kai ne babba, kai ne mai sana'a, kuma 'yar ƙaninka da ba ka taɓa gani ba ta zo tana koya maka hoto. Na ci fuskarka, ka yi haƙuri. Amma ni ba gardama nake nema in ci ba.

Baba yanzu sai an kawo abu daidai hancinsa yake gane shi. Jiya ya tambaye ni ko mai kawo wasiƙu ya zo, don ashe ya san ina rubuta maka, ya ji ina tambayar direban nan. Na ce masa ka amsa, kana gaishe shi. Ya ce, "Ya ambaci hoton?" Na ce a'a, don takardarka ta ƙarshe ba ta ambace shi ba. Ya ce, "To ai da gaskiyarsa." Wallahi Baffa na ji haushinka, kuma ban ɓoye ba. Na yi biyayya, ban sake tayar masa da maganar ba. Shi ne yake tayar da ita.

Ba zan ƙara damunka ba. In wani abu ya faru zan sanar da kai, don haƙƙinka ne.

'Yar ƙaninka

29 ga Afrilu

'Yata,

Sallama. Na ga kin koma "'yar ƙaninka", kuma na cancanta. Lafiyata ƙalau, sai dai barci da ya ƙaurace mini. Kin fahimce ni a baibai, amma laifin rubutuna ne. Ba fushi na yi ba. Kunya ce.

Buɗe babban ambulan ɗin. Hotuna tara ne, ki jera su yadda na sa musu lamba.

Shekara ɗaya bayan Auta ya tafi, na koma inda gidan yake. Kwalta ce shimfiɗe, sai kututturen mangwaro a gefe. Niyyata in ɗauko wa Inna samanta yadda ya kamata, in nuna yadda hannun gwani yake. Na ɗora kyamara a kan bulo, na danne igiyar da dutse, na koma gefe na naɗe hannu. Babu wanda ya taɓa ta. Da na wanke, karce-karcen nan suka fito kamar na farko. Shi ne lamba ɗaya. Na ce kyamarar ce ta lalace, na ari ta wani. Shi ne lamba biyu. Haka shi ma ya fito, amma na ƙi tsayawa in yi tunani.

A shekara ta uku, bayan Inna ta rasu, wani malamin makaranta ya zo ɗaukar fasfo. Ya hango lamba biyu a rataye jikin igiyar shanya, ya ce, "Kai, mai hoto, ka kama juyawar duniya! Wa ya koya maka?" Ya zauna a kujerar nan mai juyi ya yi mini bayanin da kika yi, har ya so ya saya. Da ya fita na rufe shago da rana tsaka.

Kin ga ke nan. Abin da kika gano da gilashinki, ni shekara talatin da ɗaya na san shi. Na fara rubuta masa ya fi a ƙirga. In na kai "Auta, ni ne na" sai biron ya yi nauyi. Shekarar farko na ce bari zafin rasuwa ya lafa. Daga baya na ce ai ya yi aure, ya samu aiki, ya manta. Na gaya wa kaina maganar ta bi iska. Sai dai in koma bakin kwaltar nan in ɗauki wani, kamar hoton ne zai je ya ba shi haƙuri. Na daina ne da aka sa fitilun titi, taurari suka ɓace. Ban san ya zauna a ƙasa kafin ya ɗauke ki ba. Wannan layin naki bai bar ni na runtsa ba.

Da na ce ba zan aiko layi biyu ba, nufina ba zan je masa da baki kawai ba. Da hoto na zarge shi, da hoto nake so in wanke shi, kuma da hannuna. Fina-finan suna cikin gwangwani, amma takardar wanke hoto da ruwanta sun daina zuwa garin nan. Sai da na aika gari uku. Na farkon da aka kawo ya lalace, na sake jira. Abin da ya cinye mako tara ke nan.

Ki nuna masa ɗaya bayan ɗaya. Ki ce ya duba da kyau, babu hannun kowa a jikinsu. Sannan ki karanta masa wannan: Auta, hannunka bai motsa ba. Ban taɓa ganin hannun da ya kai naka tsayuwa ba. Ni ne jahili a ranar, ni ne matsoraci tun daga ranar. Ka yafe wa yayanka.

Baffanki

12 ga Mayu

Baffa,

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso ranar Litinin, hotuna tara cif, babu wanda ya lanƙwashe. Sun yi kyau ƙwarai. Ka yafe mini zafin takardata ta baya. Muna lafiya, Mama tana gaishe ka.

Baba bai gan su ba. Idon daman ya rufe tun tsakiyar Afrilu. Ya tashi wata safiya ya ce a buɗe taga, alhali a buɗe take.

Na sa masa su a cinya duk da haka. Ya ƙirga da yatsa, ya shafa kowanne gaba da baya. Na karanta masa takardarka, ya ce in sake. Da na kai wurin malamin nan karo na biyu, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya ce, "Shekara talatin da ɗaya?" Na ce e. Kwana biyu ya yi ba ya magana da kowa, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, ba shirun jin daɗi ba ne.

A rana ta uku ina share ɗakinsa, sai na ga ya miƙe hannunsa na dama a gabansa, ya bar shi a iska. Ya daɗe haka. Ya ce, "Malama, duba mini. Yana rawa?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "Ko kaɗan?" Na ce ko kaɗan. Sai ya fashe da kuka irin wanda ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Jiya ya ce in ɗauko biro. Ga maganarsa, ban ƙara ba ban rage ba:

"Yaya, na ji. A minti ashirin ɗin nan ko numfashi da dabara nake yi. Sauro ya ciji wuyana ban kore shi ba. Na san ban motsa ba, amma da ka ce na motsa sai na yarda da kai na ƙaryata jikina. Hotunanka ba zan gan su ba, don haka ba su wanke ni ba. Yafiya kuma ba zan ba wa takarda ba, muryar 'yata ce ta karanta, ita kuwa ba ta yi mini komai ba. Ka zo ka faɗa da bakinka. In kunnenka ba ya ji, zan ɗaga murya, dama ban taɓa ɗaga maka ba."

Shi ke nan abin da ya ce. Na rubuta kwatancen gidanmu a bayan wannan takarda, daga tasha mota ɗaya ce.

Da a watan Maris hotunan suka iso, da ya gan su, Baffa. Ban faɗa don in ɓata maka rai ba. Na faɗa ne don kada ka tsaya neman tsaraba. Ka taho haka nan.

'Yarka